Kwalba Biyu Daga Rijiyar Malam

Ni mai haƙar rijiya ne. Ubana ma ita ya yi, tun a Zariya, kafin ya biyo aikin gine-gine ya sauka Kaduna, a nan kuma ƙasa ta rufe masa ido. Bokona aji huɗu ne na firamare, sai ɗan abin da na tsinta a makarantar yaƙi da jahilci bayan na yi aure. Wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, hannun da ya saba da diga ba ya jin alƙalami. Na rubuta ne don na gaji da faɗin maganar nan da baki ga mutanen da ina magana suna duban agogo.

Daga Hayin Banki zuwa Badarawa, har can Mando, da wuya ka ratsa layi uku ba ka wuce rijiyar da na taɓa shiga ba. Ko ni na haƙa ta, ko na yashe ta, ko na ɗaure ta da ringin siminti. Kuma ina da ƙa'ida guda da na gada, wadda ta sha jawo min zagi: ba na kafa diga sai na taka. Zan bi duk gidan da ya haɗa katanga da wurin, in yi sallama, in roƙi mai gida ya sa mata su shiga ɗaki, in je da ƙafata in ga inda masai yake. Daga bakin masan nake fara ƙirga taku. In bai kai abin da ubana ya koya min ba, ba na haƙawa. In masan yana kan tudu rijiyar tana gangare, sai in ƙara. Akwai mai gidan da ya taɓa ce min wai ni likita ne ko mai haƙa rami. Na ce masa ya nemi wani. Ya nema kuwa, wannan kuma ruwansa.

Rijiyar da zan ba da labarinta tana ƙofar makarantar wani malami a layinmu, a Hayin Banki. Malamin allo ne, dattijo, da safe yara, bayan la'asar magidanta masu ɗaukar littattafai. Wata Hajiya, matar wani ma'aikacin gwamnati da ya rasu, ita ta ce a haƙa sadaka, ladan ya kai wa mijinta. Malam ya kira ni. Na taka gabas, na taka yamma, na shiga gida huɗu, har bayan makarantar na zagaya. Taku ya cika har da rara. Na haƙa gaba tara. Har yau in na rufe ido ina ganin jikinta: jar ƙasa gaba biyu, sai marmara mai cin bakin diga, sai wata laka fara-fara mai santsi, sai tsakuwa, daga nan ido ya ɓalle ta wajen gabas. Ruwa garai-garai, ba zartsi ba ƙarni. Har masu shayin bakin titi suna aikowa a ɗebo musu, wai ya fi kama ganye.

Famfon layinmu kuwa sai ran da ya ga dama. In ya zo ma, bututun ta cikin kwata ya bi, kuma kowa ya san inda ya fashe aka ɗaure shi da robar taya. Saboda haka kusan duk layin rijiyar Malam ake sha, a haɗa da na famfo ran da ya zo, da na 'yan ga-ruwa ran da masu guga suka yi yawa. Shekara shida ana haka, ba wanda ya yi ko ciwon kai ya ce ruwa ne.

A bakin layin akwai wani mai faci, Bakano, sa'ana ne. Ni kuwa Bazazzagi, kun san abin da ke tsakani. Ba na wucewa bai tanka ba.

"Ga gafiya ta fito," zai ce. "Yau ramin wa za a shiga? Ku Zazzagawa tun da aka ce muku arziki na ƙasa kuka kama tono."

"Gara ni," in ce masa, "ruwa nake fitowa da shi. Kai iska kake sayar wa mutane. Bakano ko iskar Allah bai bari ta wuce a banza ba."

Sai ya matsa min a benci ya turo kwanon ɗanwake. Haka muke shekara da shekaru.

Wata damina amai da gudawa suka shigo unguwa. Ba layinmu kaɗai ba, amma a layinmu aka yi rashi. 'Yar mai facin nan ce, autarsa, ba ta fi shekara biyar ba. Da safe ta fara, kafin la'asar an kai ta asibiti, washegari muka kai ta makwancinta. Ni na haƙa kabarin, don a layinmu duk abin da ya shafi haƙa ni ake kira.

Kwana biyu bayan haka dubagari suka zo daga ƙaramar hukuma, maza biyu da mace ɗaya. Suka zura guga a rijiyar Malam, suka cika kwalba biyu, suka liƙa musu takarda. Ɗaya daga cikin mazan ya fito da gwangwanin jan fenti ya zana mata irin alamar nan da ake yi wa gidan da za a rushe. Suka ja murfi, suka sa sarƙa da kwaɗo. Na tambayi macen ko sun ɗauki na famfo da na 'yan ga-ruwa. Ta ce duk sun ɗauka. Ta ce rufewar ta wucin gadi ce kafin a auna, sati biyu sakamako zai fito, in ruwan lafiya lau ne su da kansu za su zo su buɗe. Ta yagi 'yar takarda, ta rubuta lamba da wasu kalmomin Turanci, ta miƙa wa Malam. Ta ce duk wanda zai bi sawu ya zo da ita.

Ban ga laifinsu a ranar ba, har yau ma ban gani ba. An yi mutuwa, dole a rufe a duba. Ni ma da ni ne haka zan yi.

Amma mutanen unguwa ba su san wani wucin gadi ba. Jan fenti suka gani. Kafin sati ya zagayo an gama shari'a an yanke hukunci: wai a kan tsohon masai na haƙa, wai na gani na yi shiru don kada aiki ya kuɓuce min. Wanda bai taɓa leƙa rijiya ya hango ƙasanta ba shi ya fi kowa rantsuwa. Ƙasar tsohon masai baƙa ce, warinta ba ya ɓuya ko ta shekara hamsin, kuma ba kwandon ƙasar da ya fito daga rijiyar nan da bai bi ta hannuna ba. To wa zai saurare ni? Wani Alhaji a Badarawa da muka gama magana, har na kai kayan aiki, ya aiko a ce min ya fasa, bohol zai yi. Bai yi bohol ba, wani ya kira. Matata ta je suna ta dawo da abincinta a leda, ta ajiye, ta shiga ɗaki. Ban tambaye ta abin da ta ji ba.

Mai faci bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Na je gaisuwar uku ya amsa da ka, idonsa a ƙasa. Daga ranar in ya hango ni sai ya sunkuya kan taya. Ni ma na koma bin ɗaya gefen titin.

Sati biyu ya wuce, wata ya wuce, ba dubagari ba labarinsu. Malam ya kira ni, ya ciro takardar daga tsakiyar wani littafi.

"Ni ƙafata ba ta kai ni ofis," ya ce. "Kuma sunanka ne a bakin mutane, ba nawa ba. Je ka jiyo mana."

Na ninke ta na sa a cikin hula.

A nan na yi wautar da har in mutu ina cizon yatsa. Na je sakatariya, aka nuna min sashen lafiya. Na zauna a benci tun hantsi har aka kusa kiran azahar, sannan masinja ya ce in shiga. Wani mutum ne mai furfura a gemu, yana ɓarar gyaɗa a kan wata tsohuwar jarida. Na durƙusa na gaishe shi, na cire hula, na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya duba.

"Oho, ta Hayin Banki," ya ce. Ya ja aljihun tebur ya jefa ta. "Ka dawo Talata ta sama, Malam."

Zuciyata ta ce karɓi takardarka. Amma yaya za ka miƙa wa babba abu da hannu biyu, sannan ka ce ba ni kayana? Kamar ka ce masa ɓarawo ne. Mu ba haka aka rene mu ba. Ga shagon fotokwafi a bakin ƙofar sakatariyar, ta gabansa na wuce da zan shiga, ban san da ni yake ba. Lambar ma ban haddace ba, rubutun a haɗe yake irin na asibiti. Na ce na gode, na mai da hulata, na fita.

Talata ta sama an ce ya tafi taro. Ta bayanta ya je ta'aziyya. Ta bayan wannan na tarar da wani matashi a kujerar, waya a hannu. Mai furfura an yi masa canjin wurin aiki.

"Ina lambar kwalbar?" ya ce, bai ko ɗago ba.

"Tana cikin aljihun teburin nan, yallaɓai."

Ya ja ya nuna min. Ɓawon gyaɗa, cokali, igiyar cajin waya.

"Ka gani da idonka. Baba, ba lamba, ba fayil. Kwalba nawa kake jin muna ɗauka a shekara?"

"Rijiya nawa kuka sa wa kwaɗo a ƙofar makarantar allo a Hayin Banki? Ai guda ce."

"Ba a neman fayil da kwatance. Nan ba tashar mota ba ce."

Daga nan na zama ɗan gida. Na san Litinin taro suke, Juma'a daga masallaci ba a dawowa, don haka Talata na riƙe. Na san wane benci ne ƙafarsa ke rawa. Masinja in ya gan ni sai ya ce, "Baba mai rijiya, yau ma? Kai kam a ba ka tebur kawai." Ba mugu ba ne, wani lokacin har ruwan leda yake miƙo min. Sashen lafiya suka ce sakamako yana ma'aikatar jiha, su suka auna. Na je can, suka ce su aunawa kawai suke, su mayar wa wanda ya aiko. Na dawo, aka ce ya iso amma sai ciyaman ya sa hannu. Kafin ciyaman ya sa hannu wa'adinsa ya ƙare, aka kawo kantoma. Kantoma aka ce bai gama karɓar takardu ba. Kansilanmu, da zaɓe ya matso, ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce in ɗauka an gama. Bayan zaɓe ko gilashin mota bai ƙara sauke min ba.

Kuma duk Talatar da na yi a bencin nan Talata ce da ban shiga rami ba. Da ma aikin ya ja baya.

Akwai wani maƙwabcinmu, tsohon akawu da ya yi ritaya, yana ɗaukar karatu wurin Malam. Wata rana bayan la'asar ya ja ni gefe.

"Kuskurenka baki kake kai musu," ya ce. "Gwamnati kurma ce, da ido take ji. Akwai doka ma da ta ce in talaka ya nemi takarda irin wannan a rubuce, sai an ba shi, ko a gaya masa dalilin hanawa."

Ya zauna ya rubuta min wasiƙa da Turanci, aka buga a na'ura. Ya ce in kai biyu, su riƙe ɗaya, su buga wa ɗaya hatimi su ba ni. Wannan karon sai da na yi fotokwafi uku, ɗaya ma a gida na bar ta ƙarƙashin katifa. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya tsorata. Suka buga hatimi suna harara. Sai da aka yi watanni, wata Talata masinja ya ce min, "Yau ka taki sa'a, Oga da kansa ke nemanka."

Shugaban sashe ke nan. Ofis mai sanyi, da kafet, na tuɓe takalmi a ƙofa na durƙusa. Abin da idona ya fara sauka a kai fayil ne a gabansa, ruwan ƙasa, an ɗaure shi da zare, wasiƙata a manne a sama. Ashe ana samun fayil ba lamba. Ashe duk zaryar nan da nake yi yana nan cikin ginin, ina zaune a benci, shi yana zaune a kabad, bango ɗaya tsakaninmu.

"Kai ne mai rijiyar?" ya ce.

"Ni na haƙa ta, ranka ya daɗe."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Taka ce?"

"Sadaka ce. A ƙofar Malam take."

"To ka gani, ba kai ne mai ita ba. 'Yarka ce ta rasu?"

"A'a."

"To a matsayin wa za mu ba ka takardar gwamnati?"

"A matsayin wanda ake nunawa da baki in ya wuce."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ɗaga wasiƙar ya ce wanda ya rubuta min ya iya Turanci, amma dokar da yake faɗa ta Abuja ce, nan kuwa ƙaramar hukuma ce, su ba wanda ya aiko musu da ita. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Ta ina zan sani?

Sannan ya kwance zaren. A gabana ya buɗe. Ya bi layi da yatsa, ya juya shafi, ya dawo baya, ya sake bi. Ni kuwa fuskarsa nake kallo yadda nake kallon bangon rijiya in ina neman tsagewa. Ban ga komai ba. Ya rufe, ya ɗora hannu a kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce ka ba ni ba. Ko ka ba ni ba iya karantawa zan yi ba. Layi ɗaya za ka karanta min. Ruwan rijiyar ne, ko ba shi ba ne?"

"Baba, ka je ka yi haƙuri. Abin da ya wuce ya wuce."

"Haƙurin wanne? Na na kashe 'yar mutane, ko na an yi min ƙazafi? Ai kowanne da irin haƙurinsa."

"In na buɗe baki yau, gobe a rediyo zan ji," ya ce. "Abin da ke cikin nan ya shafi wasu hukumomin, ba mu kaɗai ba." Sannan ya ƙara, "Kuma wani lokacin rashin sani rufin asiri ne, har a gare ka."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Tun da nake ban taɓa tsayawa a kan babba yana zaune ba, sai ranar. Na ce masa ruwan nan a gaban jama'a kuka ɗebe shi. Fentin a gaban jama'a kuka shafa. Kwaɗon kowa yana gani, yara ma wasa suke da sarƙar. Sai amsar ce ta zama sirri? Na ce in rufin asiri kuke so ku yi min, da kun fara tun ranar da kuka zo da gwangwanin fenti.

Ya danna ƙararrawa. Masinja ya shigo ya riƙe min gwiwar hannu a hankali. A waje ya ce, "Baba, ka ɓata rawarka da tsalle." Na ce wace rawa? Rawar da na yi shekara ina yi a benci? Duk da haka ban fasa zuwa Talata ba.

Maganganun nan biyu na Oga su na yi ta tauna, har yau ban haɗiye ba. Ya shafi wasu hukumomin: to famfo ke nan, bututun cikin kwata, suna kare 'yan uwansu. Rufin asiri har a gare ka: to rijiyata ke nan. Mutum ɗaya, zama ɗaya, ya ba ni duka biyun in tafi da su gida. Ko dai bai damu ba, ko dai ya san abin da yake yi. Ban san wanda ya fi muni ba.

Kuma kada wani ya ɗauka wanke kaina kawai nake nema. Na sake taka wurin nan ya fi sau goma. Akwai gida guda da suka haƙa sokawe, ramin ƙazantar bayan gida, shekara biyu bayan rijiyar, ba su tambayi kowa ba. Na taka, ya gaza. Amma a gangare yake, a sanina ƙazanta ba ta hawa tudu. A sanina. In sanina ƙarya ne fa? Akwai rijiyoyi a Badarawa da Mando da na haƙa da wannan lissafin, yau ma da safe an ɗebi ruwansu an dama wa yara koko. In akwai kuskure a aikina, ba ni ne farkon wanda ya kamata a kira a gaya masa ba? Sun fi so su zauna a kan takarda.

Masu ba da shawara sun ce in ɗebi ruwan in kai a auna min a wani wuri. Kwaɗon na gwamnati ne, in na fasa ni za a kama. Kuma ko an bar ni, rijiyar da aka rufe ba a ɗiba ruɓewa take, duk mai sana'ar nan ya sani. Ruwan wancan satin, wanda yarinyar ta sha ko ba ta sha ba, a cikin kwalba biyun nan kaɗai yake, kuma abin da kwalaben suka faɗa yana cikin fayil mai zare.

Damina uku rijiyar ta yi a rufe. A ta ukun ƙasar gefenta ta fara zama, ringin sama ya tsage. Nan kuwa yara ke zama da alluna. Malam ya tura mai unguwa ya nemo izinin cike ta. Sati ɗaya. Sati ɗaya tak takarda ta fito, da hatimi da sa hannu, har da cewa makulli ya ɓace, a fasa kwaɗon. Ashe suna da hannun sa hannu. Ashe sun san rijiyar ba tare da lamba ba.

Malam ya sa aka kira ni. Na same shi yana jan carbi.

"Na san nauyin abin da zan roƙe ka," ya ce. "Amma in na ba wani, shara zai zuba ya rufe da ƙasa, bayan shekara ta rufta da ɗan mutane. Kai ka san cikinta."

Na ce to. Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Cike rijiya ma aiki ne. Duwatsu ake fara jefawa su zauna a ƙasa, sai tsakuwa, sai ƙasa kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, ba a yi mata gaggawa. Na sa guduma na fasa kwaɗon. Da na ɗaga murfin, warin da ya bugo ni sai da na ja da baya. Ruwan ya yi baƙi, kyankyasai sun cika bangon. Ruwan da masu shayi ke aikowa a ɗebo musu.

Rana ta biyu, wajen hantsi, ina tura baro, na ga inuwar mutum a kan tarin ƙasa. Mai faci ne. Hannunsa duk baƙin taya, ya rame, gemunsa ya yi fari. Shekara uku ba mu tsaya kusa haka ba.

"Sannu da aiki," ya ce.

"Yauwa, sannu."

Na juye baron. Muka ji ƙasar ta faɗa ruwa. Bai tafi ba.

"Sun gaya maka?"

"A'a."

"Ni ma."

Na ajiye baron. "Kana zuwa ne?"

"Alhamis nake zuwa. Masinjan ya ce min kai Talata kake zuwa, shi ya sa na ɗauki Alhamis."

"Me suka ce maka?"

"Sun ce ba ni na haƙa ba, ba ni ne mai rijiya ba. Wai maganar ruwa daban, maganar mutuwa daban, in je asibiti. Asibiti suka ce su cuta suka sani, ba su san inda ta sha ba."

Na ce masa ni kuma sun ce ba 'yata ce ta rasu ba. Ya gyaɗa kai kamar da ma ya zata. Ya matso ya leƙa rijiyar, ya daɗe yana kallo.

"A satin da ta rasu uwarta ta sayi jarka biyu wurin 'yan ga-ruwa," ya ce. "Har yau tana cewa ita ce sanadi. Ni kuma ni na ɗebo na rijiyar nan da safen, ni na ba ta a kofi. Famfo ma ya zo ranar Laraba, an tara. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowa na zargin kansa."

Ya juyo ya dube ni.

"Da sun ce rijiyarka ce, wallahi da tuni na yafe maka, don na san ba da gangan ba ne. Da sun ce ba ita ba ce, da na zo har gida na ba ka haƙuri. To ba su ce komai ba. Ban san wanne zan yi ba."

Ni ma ban san wanne zan roƙe shi ba. Muka tsaya haka, magidanta biyu da furfura, a bakin rami mai wari, alhali amsar da za ta raba mu tana can an ɗaure ta da zare, kuma akwai mutumin da ya karanta ta a gabana ya tafi gida ya ci tuwonsa.

Wani mai babur ya yi ta danna hon a bakin layi, tayarsa ta sace. Mai faci ya goge hannu a wando ya tafi. Na ɗauki shebur. Kafin la'asar ƙasa ta kai inda in ka zuba ba ka ƙara jin ƙarar ruwa.

Talatar da ta biyo ban je sakatariya ba. Shi ban sani ba ko ya je Alhamis. Ban tambaye shi ba.